Na Ce Masa Asabar

Da hannun hagu nake danna muku wannan rubutun, na dama yana naɗe da bandeji tun daga tafi har gwiwa. Duk wadda ta ga kuskure ta kau da kai, kada a cika min akwatin saƙo da gyara, wallahi yau ba ni da zuciyarsa.

Ga waɗanda suka shigo yanzu, bari in gabatar muku da mutanena. Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da Yayata. Yaya tana auren wani mai yanka gilashin taga da madubai, kowa Mai Gilashi yake ce masa. Ni kuma ƙaninsa ne yake nemana, mai gyaran wutar lantarki, ana ce masa Dogo. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma in kun zauna da su ba za ku ce nono ɗaya suka sha ba. Dogo in ya taka miki ƙafa sai ya yini yana ba ki haƙuri. Mai Gilashi kuwa bel ɗinsa ya fi bakinsa magana.

Cikin Yaya na farko a tsakiyar falonta ya zube. Ta ce mana santsi ne ya kwashe ta. Yanzu Allah ya ba ta wani, har ya fara turo riga, kuma na rantse a raina wannan karon ba za a sake yin wani santsi ba.

Sai Babanmu. Malamin tarihi ne, ya koyar har ya yi ritaya, daga baya shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a kujera. Tun ina ƙarama yake tara murafun kwalaben lemo, jajaye da farare, ya jera su a kan tsohon faranti yana nuna min yadda mayaƙan dā suke cin yaƙi. Sauran yara suna wasan 'yar tsana, ni ina koyon yadda ake yanke wa runduna hanyar ruwa. Shi ya sa min suna Kwamanda. Kada ku yi dariya, abin ya yi min rana. A kantin maganin da nake aiki akwai wata babbar ma'aikaciya da ta sa ni gaba, kullum sai ta ja ni faɗa a gaban maigida. Baba ya ce, "Ita ta zaɓi filin, don me za ki shiga?" Na daina tanka mata, ta yi ta zuba ita kaɗai har maigida ya gane wace ce mai fitinar. Tun daga nan na ɗauka babu abin da farantin Baba ba zai warware ba.

Ranar Litinin na biya wa Yaya daga aiki. Gidanta madubi ne ko'ina, bango, ƙofar ɗaki, har teburin tsakiyar falo gilashi ne, duk aikin mijinta. Na same ta cikin doguwar riga mai dogon hannu, ruwan toka, ta naɗe wuya da gyale alhali zafi ake kamar me.

"Yaya, cire gyalen nan."

"Mura nake yi."

Na fizge shi. Shatin yatsu ne a wuyanta, sun yi baƙi. Na ɗaga rigar ta baya, ta riƙe hannuna amma na riga na gani. Bakin ƙarfen bel ya fito sak a fatarta, wani ya bushe, wani yana tsattsafo da ruwa.

"Me kika yi masa?"

"Gishiri ne ya yi yawa." Ta sunkuyar da kai. "Bai taɓa cikin ba, wallahi. Na juya masa baya."

Kun ji fa. Yabonsa ma take yi. Na ji in da yana tsaye a gabana da haƙori zan cire masa maƙogwaro. Na durƙusa na riƙe gwiwoyinta.

"In na zo ɗaukarki za ki biyo ni?"

Ta daɗe tana kallon cikinta. Can ta ce, "Jiya ya motsa." Sai ta gyaɗa kai.

Ina isa gida na zaro farantin daga ƙarƙashin gadon Baba. Bakinsa ya karkace, maganarsa sai wanda ya saba, amma kansa garau yake. Na ajiye jan murfi ɗaya a tsakiya.

"Ga shi nan, Baba. Ya fi ni ƙarfi, gidansa ne, kuma Mama tana bayansa."

Ya tura murfin gefe da yatsansa mai lafiya. "To kada ki haɗu da shi sam. Mayaƙan kirki ba sa hawa ganuwa mai gari yana ciki. Jira suke ya fita. Yaƙin da ya fi daɗi shi ne wanda ba a zare takobi ba."

"Ranar Alhamis ake kawo masa kaya, ba ya barin shago sai yamma."

"Alhamis ke nan." Ya ɗauki wani farin murfi ya juya shi a hannunsa. "Wannan fa? Yaron naki?"

Ina son Dogo, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, in na ga sunansa a waya har kunnena zafi yake yi. Amma shagonsa yana jikin na yayansa, tare suke cin abincin rana, kuma yayan ne ya biya masa kuɗin koyon aiki.

"Baba, ba ka ce in mutum yana da kunne a sansanin abokan gaba, labarin ƙarya ake zuba masa ya kai musu ba?"

"Na ce in kin tabbata nasu ne."

Wannan rabin maganar ban tsaya na saurara ba. Na ɗauki farin murfin na ajiye shi kusa da jan, har ina jin kaina wata gwana.

Mama ta shigo da tsintsiya ta tarar da mu. Sai da na gaya mata, don ɗakin bayan da za a sauki Yaya cike yake da tarkacenta, makullin kuma yana ɗaure a bakin zaninta.

"Alhamis za ki yi me?" Ta jefar da tsintsiyar. "Ke ce za ki kashe wa 'yar'uwarki aure? Wa ya aike ki? Kowace mace da kika gani a ɗakinta haƙuri take yi!"

"Mama, ki je ki ga bayanta."

"Ba na son gani! Ke ba ki tunanin naki? In kika tozarta musu ɗa, ƙanin ne zai zo ya ɗauke ki? Ki zauna min a gida ke da ita, mutane suna nuna ni da baki?" Ta juya kan Baba. "Kai ka lalata yarinyar nan da murafunka."

Ta yi kuka, ta yi faɗa, daga baya ta kwance makullin ta cilla min. Na ɗauka ta sauko ne. Uwa ce fa, ko a mafarki ban taɓa ɗora mata murfi a faranti ba.

Bayan sallar magariba na rubuta wa Dogo.

"Zan fitar da Yaya daga gidan nan. Ranar Asabar da safe."

Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Ya sake taɓa ta?"

"Har wuya."

"Innalillahi. Kwamanda, na yi masa magana har na gaji, ranar nan saura kaɗan mu dambace. Asabar kika ce?"

"Asabar."

"Ki bar min shi ranar. Ba zai kusanci gidan ba."

Na tura masa hoton zuciya, ina murmushin mugunta. A lissafina, in ya kai wa yayansa labari, Mai Gilashi zai yi ta gadin Asabar, ni kuma na gama aikina tun Alhamis. In bai kai ba, ban yi asarar komai ba. Haka na ce wa kaina, ban yi asarar komai ba.

Ranar Alhamis na sa wando da riga mai kauri a ƙarƙashin abaya, na ɗaure mayafina tamau, na sa takalmin gudu. Na yi wa maigida ƙaryar ciwon kai. Na samo mai motar ɗaukar kaya, na ce ya tsaya a layin baya, inda ƙofar kicin take fita. Sai da na bi ta gaban shagon na hango Mai Gilashi da idona, yana ƙirga kaya ana saukewa, Dogo yana zaune a bakin nasa shagon yana feƙe wayar wuta. Na ja mayafi na rufe fuska na wuce.

Na tarar da Yaya tana wanke-wanke.

"Yaya! Ina jakarki?"

"Bari in ƙarasa kwanonin nan. Ba zan bar masa gida da datti ba."

Kamar in fasa ihu. Na shiga ɗaki na zazzage durowa cikin zanin gado, riguna, takardun asibitinta, 'yan kayan jarirai da ta ɓoye a ƙarƙashin katifa. Na fito na same ta tana goge masa rigar gobe, dutsen guga a jone da wuta.

"Don girman Allah ki ajiye!"

"Wannan ɗaya kawai."

A lokacin na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Na san ƙarar, don sau da yawa ina jiran ta. Babur ɗin Dogo ne. Na ce a raina me ya kawo shi, har na nufi ƙofa. Makulli ya juya, sai ga Mai Gilashi.

Bai yi ihu ba. Ya kalli ƙullin kayan, ya kalle ni, ya maida ƙofa ya murza makulli ya jefa a aljihu.

"Sannu da aiki, ƙanwata."

Yaya ta manne da bango. "Don Allah ka tsaya ka ji..."

"Na ji ai. Surukata ta kira ni yanzu, baiwar Allah. Ta ce in yi maza in zo in ba matata haƙuri kafin a ɗauke ta." Ya fara zare bel. "Ga ni na zo ba da haƙurin."

Mama. Ban gama haɗiye maganar ba bel ya sauka a kafaɗar Yaya, ta durƙushe tana kare cikinta da hannu biyu. Na yi tsalle na ɗafe bayansa, na kafa masa haƙori a kunne har na ji gishirin jini a bakina. Ya yi ƙara, ya juyo da gwiwar hannu ya zabga min a baki. Na ji haƙorina ya motsa. Ya damƙi mayafina ya shaƙe ni da shi, ya buga kaina da bango, madubin wurin ya tsage. Duk inda na juya ido mu nake gani, a bango, a ƙofa, ta kowane gefe ana dukanmu.

Ya yar da ni ya koma kanta. Ya kama gashinta yana ja, tana bin sa da gwiwa tana cewa, "Cikin, don Allah cikin!"

Ina kwance ina haki, sai muryar Baba ta faɗo min. In ba za ka iya ture shi ba, ka sa shi ya waiwaya. Ka kunna wuta a inda ransa yake.

A kusurwar falo akwai wani ƙaton madubi mai zanen furanni da ya yi makonni yana yi wa wani mai otal, ya kawo gida don kada a fasa masa a shago. Na rarrafa na ɗauki kujerar ƙarfe.

"Kai! Mai Gilashi!"

Ya waiwayo. Na ɗaga kujerar na maka wa madubin da duk ƙarfina. Ya tarwatse, falon ya cika da ƙara.

"Yaya, kicin! Gudu!"

Ya saki gashinta ya yo kaina. Abin da nake so ke nan, amma ban shirya wa abin da zai biyo baya ba. Ya ɗaga ni cak ya nana ni a kan teburin gilashi. Teburin ya fashe a ƙarƙashina. Ban ji zafi ba da farko, na dai ga hannuna ya buɗe, jini yana tsartuwa har kan labule. Ya danne ƙirjina da gwiwa, ya sa hannu biyu a wuyana. Fuskarsa ta fara yi min nisa, kunnena yana ƙugi. Abin da ya rage a kaina kawai, Allah ya sa ta kai mota.

Ba ta tafi ba. Yayata, wadda ko kaza ba ta iya yankawa, ta dawo daga bakin ƙofar kicin. Ta fizgo dutsen guga da zafinsa ta manna masa a gefen wuya.

Ihun da ya yi har yanzu yana kunnena, da ƙaurin fata. Ya sake ni ya mirgina, yana juyowa ya kai mata ƙafa. A ciki ya same ta. Ta yi baya ta bugi bango ta zame ƙasa, ba ta ko yi kuka ba, bakinta kawai ta buɗe.

Mai motar ne ya ji ihun ya tara maƙwabta, suka ɓalle ƙofar kicin. Maza suka danne Mai Gilashi yana zage-zage, wata maƙwabciya ta ɗaure min hannu da ɗankwalinta. Da aka ɗaga Yaya na ga bayan rigarta ya jiƙe. A motar da na ɗauko don kaya aka shimfiɗa ta, kanta a cinyata, tana ta cewa, "Ki taɓa ki ji, yana motsi? Ki taɓa mana." Na ɗora hannu na ce mata yana yi.

A asibiti aka yi min ɗinki, aka shige da ita ciki. Ina zaune a benci, abayata ta bushe da jini, leɓena ya kumbura. Mama ta iso mayafi a karkace, takalmi wari daban-daban.

"Haƙuri na ce ya ba ta," take ta maimaitawa. "Wallahi haƙuri kawai na ce. Na ɗauka in ya ji za ta tafi zai ji tsoro."

Ta miƙo hannu za ta taɓa ni na matsa.

Da la'asar wata nas ta fito, ta tambayi wace ce 'yar'uwarta. Ta ce Yaya za ta tashi, an tsayar da jinin. Sai ta sassauta murya ta ce cikin bai tsaya ba, kuma namiji ne. Mama ta zube a ƙasa. Ni ko hawaye ban yi ba.

A haka Dogo ya same ni. Da kayan aikinsa ya zo, shuɗiyar riga mai aljihuna, jakar kayan gyara a kafaɗa. Ya dubi hannuna, ya dubi bakina, ya zauna a ƙarshen bencin. Ashe ya ji abin da nas ta faɗa, don tun lokacin yana tsaye a bayanmu.

"Kwamanda." Muryarsa ta dishe. "Yau wace rana ce?"

Na yi shiru.

"Tambayarki nake."

"Alhamis."

Ya zaro wayarsa ya buɗe ya ajiye a tsakaninmu. Saƙonni ne tsakaninsa da wani mai gini a bayan gari. Ya roƙi mutumin ya kira yayansa aikin tagogi ranar Asabar tun da sassafe, ya ce shi zai yi masa wayarin wuta kyauta in ya riƙe shi har dare. A ƙasa akwai wani saƙon, ya nemi aron mota a wurin abokinsa, ita ma Asabar.

"Ban gaya wa kowa ba," ya ce. "Ko uwarmu."

"Dogo, na ji tsoro ne kada..."

"Kada in kai masa. Na gane." Ya gyaɗa kai yana kallon tayil ɗin ƙasa. "Ɗazu ina zaune aka kira shi. Ya fito da sauri, motarsa an tare ta da kayan da ake saukewa. Ya ce min, ba ni babur, zan je gida in dawo. Na ce a raina yau Alhamis, babu komai." Ya ɗago hannunsa na dama yana kallo. "Da hannun nan na miƙa masa makulli. Har na ce ya gaida Yaya."

Nan kukan ya zo min. Na ce ya yafe min, na ce ni ce, na ce abubuwa da yawa da ban tuna ba. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

"Da kin ce min Alhamis, da sai dai ya bi ta kan gawata."

"Yanzu yana ina?"

"Maƙwabta sun sake shi, wai maganar cikin gida ce. Ya koma shago yana shafa wa wuyansa magani."

Ya buɗe jakar kayan aikinsa a hankali. Ya fito da filaya ya ajiye, ya fito da tef ya ajiye. Ya ɗauki guduma ya zura a aljihun rigarsa, ya miƙe.

"Dogo, ina za ka?"

"Zan karɓo makullina."

"Dogo! Yayanka ne fa! Ka tsaya, don Allah ka tsaya!"

Na tashi zan bi shi jiri ya kwashe ni, na dafa bango, ɗinkin ya fara tsattsafo da jini ta cikin bandeji. Kafin idona ya washe ya sha kwanar baranda. Daga cikin ɗaki na ji muryar Yaya ta farfaɗo tana kiran sunana, tana tambaya ko yana motsi.

Na lalubo wayata da hannun hagu na danna lambarsa, ina addu'a ya ɗauka ko da zagina zai yi. Ta fara ringi. Sai na ji ƙarar a kusa da ni, a kan benci, inda ya bar ta tare da filaya da tef.